Amsa ga mai tambaya kan fentin fuskar yara

'Yar'uwa, kin ce yaranki biyu za su fito a wasan kwaikwayo na makaranta, ɗaya damisa ɗaya malam-buɗe-littafi, kina neman abin da za ki saya da yadda za ki zana. Na daɗe ina yi wa nawa da na 'yan'uwa, ga abin da hannuna ya koya.

Don Allah kar ki shafa musu fentin takarda ko na akrilik ko alƙalamin maka, ko da an rubuta a jikin kwalin cewa babu guba. Ba don fata aka yi su ba. Na taɓa yi wa ɗana da fentin takarda, yana bushewa ya tsattsage, yaro ya wuni yana susa, kumatunsa suka kwana biyu jajur. Har yau abin yana min ciwo. Ki nemi na fuska wanda ake jiƙawa da ruwa, irin su Snazaroo ko Mehron. Fari, baƙi, ruwan ɗorawa da wata kala ɗaya da 'yar taki ke so sun ishe ki, sai soso biyu da siririn buroshi mai tsini. Ƙyalƙyali ma sai na kwalliya, na aikin hannu yana iya karce ido.

Ana gobe wasan ki ɗan shafa wa yaran a cikin gwiwar hannu ki gani ko zai yi ƙaiƙayi. Ni ba na yi wa yaron da bai kai shekara 3 ba, ko mai ƙuraje ko ciwon ido.

Sirrin duk yana wajen ruwa. Ki matse soson sosai har ya zama danshi kawai, ki goga a kan fentin, sannan ki riƙa dannawa a fuska a hankali, ba ja ba. In ruwa ya yi yawa, sai ki ga fenti yana gangarowa wuya. Ki fara da kala mai haske, ki bari ta sha iska, baƙi ya zo ƙarshe.

Damisa ba wuya: ruwan ɗorawa a goshi da kumatu, fari a kewayen baki, baƙi a kan hanci, sai ɗige-ɗige manya da ƙanana, kar ki jera su daidai. Malam-buɗe-littafi kuwa, jikinsa a karan hanci, manyan fukafukai su haura goshi, ƙanana su sauko kumatu. Ki bar tazara daga ido. Ki ɗora hannunki ɗaya a kan yarinyar, ki ce ta lumshe ido, don yaro ba ya jure dogon zama.

In an gama, sabulu mai laushi da ruwan ɗumi. Ja da kore sukan bar ɗan tabo, sai ki goge da man jarirai a auduga, kuma kar su kwana da shi.