Shin gawayi na shanye amoniya a ruwan kifi?

Tambaya: Salam Malam, ina kiwon tarwaɗa a tankin siminti, ruwan na saurin yin wari, wani abokina yace in ɗaure gawayi a buhu in jefa ciki wai yana shanye amoniya. Gaskiya ne ko asarar kuɗi kawai zan yi? Daga mai kiwon kifi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Abokin naka ya ɗan yi gaskiya amma ba duka ba. Gawayi na rage wari da launin ruwa, amoniya kuwa, wato sinadarin da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci, kaɗan yake kamawa, kuma in da toka a jikinsa sai ya ɗaga pH ɗin ruwan, wato ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa, to nan matsalar take, don a ruwa amoniyar iri biyu ce, akwai amoniyam mai ɗan sauƙi akwai kuma amoniya mai guba, duk sanda pH ya hau ko ruwa ya yi zafi sai mai gubar ta ƙaru. A wajen pH 9.25 ma rabi da rabi suke zama.

Wanda ya fi iya wannan aiki wani dutse ne da ake kira ziyolait, musamman nau'in kilinoftilolait, ana haƙo shi da yawa a Turkiyya. Yana da ƙananan ƙofofi, sai ya riƙe amoniyam ya saki sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, a madadinsa, musaya kenan. Shi yasa ake jiƙa shi a ruwan gishiri kafin a fara amfani da shi, ya fi kamawa, in ya cika kuma a ciro shi a sake jiƙawa a ɗauraye sosai a mayar. Amma don Allah kar ka zuba gishiri a tankin alhali dutsen na ciki, duk abin da ya kama zai amayar wa kifinka. Ruwan rijiya mai yawan sinadaran kalsiyam ko fotasiyam shima na rage masa ƙarfi, suna tare gurbin da amoniyam zai zauna.

Gawayin ma masu bincike ba su bar shi haka ba, suna ƙona ɓuntun shinkafa su wanke da asid ko su ƙara masa maganiziyam don ya ƙara kamawa, bayan ya cika a kai gona a matsayin taki. Wannan dai ba aikin tsakar gida bane.

Kai dai a yanzu ka rage abincin da kake watsa musu, ka riƙa canza wani kaso na ruwan a kai a kai, ka nemi ɗan abin gwajin amoniya wajen masu kayan kiwon kifi kafin ka kashe ko sisi kan dutse.