An sa wani yana bibiyata, zan iya sa a kama shi?

Tambaya: Barista, ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta. Wani Alhaji a Dawanau ya ba ni kuɗin sarin riɗi, muka samu saɓani a lissafi. Yanzu ya turo wani mutum a babur yana ɗaukar hoton shagona da gonata, yana tambayar maƙwabta abin da na mallaka. Zan iya sa a kama shi?

Amsa: Malam, bisa abin da ka faɗa, kuma ɓangare ɗaya na ji, da wuya. Ka ɗauka bincikar mutum ba da saninsa ba laifi ne a karan kansa. Galibi ba haka ba ne. Wanda ya tsaya a kan hanya ya ɗauki hoton shago, ko ya zauna a majalisa ya yi tambaya, ba lallai a ce ya karya doka ba, duk da abin ba daɗi. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gidanka, wasiƙunka da hirarka ta waya, amma abin da duk mai wucewa ke gani da wuya kotu ta kira shi sirri.

Sai dai mai babur ɗin ba jami'i ba ne. Ba shi da ikon tsare ka, ko karɓe wayarka, ko tilasta maka amsa tambaya. Idan ya wuce zaure ya shiga cikin gida, ko ya ƙi fita daga gonarka bayan ka ce ya fita, ana iya maganar kutse a ƙarƙashin dokar Final Kod, wato dokar hukunta laifuka. Haka idan ya ce shi ɗan sanda ne, ko ya yi maka barazana, ko ya riƙa yaɗawa cewa kai ɓarawo ne. Shiga wayarka ko tare saƙonninka kuwa yana ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Idan wani a banki ya ba shi bayanan asusunka, dokar kare bayanai ta 2023 na iya shigowa.

Wani abin da mutane ba sa so su ji: ko da ta hanyar da ba ta dace ba aka samo hujja, sashe na 14 na Dokar Shaida ta 2011 ya bar wa alƙali damar karɓarta bayan ya auna. Kada ka dogara da cewa hotunan ba za su yi aiki ba.

Ka rubuta rana, lokaci, lambar babur, da sunayen waɗanda ya yi wa tambaya. Ka sanar da mai unguwa da dagaci. Kada ka bari samarin gari su taɓa shi ko su ƙwace masa waya; nan take kai za ka koma wanda ake ƙara. Kada kuma ka sayar da gona ko ka mayar da ita sunan ɗan'uwa a wannan tsakanin, za a ce ɓoye dukiya kake yi.

Gaskiya Alhajin bai kyauta ba. Mai neman haƙƙinsa ya san hanyar kotu, kuma Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigin juna. Amma tushen rigimar kuɗi ne. Ka tattara rasit, alat na banki da littafin da ka rubuta buhuna, ka nemi shugabannin kasuwa ko Hisbah su zaunar da ku. Abin da aka daidaita a rubuta shi, da shaidu biyu, a sa a ciki cewa za a janye mai babur.