Amsa kan sayen Golf 3 ta hannu

Malam, ka tambaya ko Golf 3 ta hannu za ta jure zirga-zirgar kullum tsakanin Zariya da Kaduna. Shekara shida ke nan ina tuƙa mai giyar hannu, kuma a ganina za ta jure, ga ƙarancin shan mai, ga kayan gyara a kasuwar Panteka ta Kaduna. Sai dai tun 1991 aka fara ƙera ta, saboda haka kafin ka biya kuɗi, ka sa bakanike ya shiga ƙarƙashinta da tocila, kai kuma ka ɗaga shimfiɗar but da hannunka, domin gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin sanyi yakan bar tsatsa. Ka kuma tantance takardun kwastam.