Ƙuguna zai kashe ni, ko kujerar motar ce?

Tambaya: Salam Malam, ni direba ne kusan awa 8 nake yi a kan sitiyari kullum, in na sauko sai na dafe ƙugu kamar wani tsoho, ga ƙafar dama tana sagewa kamar ba tawa ba. Na sa filo mai laushi har biyu amma abin sai gaba yake. Kujerar zan canza ko yaya? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Fara cire filon nan tukuna, don mutane sun ɗauka laushi shi ne daɗi, alhali in soso ya cika laushi sai ka nutse ciki, ƙugu ya zame baya, lanƙwasar da ke ƙasan ƙashin bayanka ta baje, shi kenan duk nauyin ya koma kan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan, ga jijjigar hanya tana ta dukansu, kuma jikin mutum a zaune ya fi jin girgizar da ke sama da ƙasa sau 4 zuwa 8 a sakan. Shi ya sa ake sa wa manyan motoci kujera mai iska a ƙasanta, kamar shokozoba ce ta biyu.

Masu ƙera kujera tallafi suke nema ba laushi ba. Nissan ma da ta fito da kujerar Zero Gravity a motarta Altima ta 2013, binciken NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta bi kan yadda jikin 'yan sama jannati ke sakewa in babu nauyi.

Kafin ka kashe kuɗi dai, zauna har ƙugunka ya taɓa majingina, ka ɗan kwantar da ita kamar digiri 100 zuwa 110, ba kishingiɗar nan ta samari ba. In ka taka kulochi har ƙasa gwiwa ta kasance da ɗan lanƙwasa, yatsu 2 ko 3 su shiga tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarka, in ba haka ba tana matse jini. Naɗe ƙaramin tawul ka sa a bayanka daidai saman bel ɗin wando. Walat kuma fitar da shi daga aljihun baya, jijiyar da ta sauka ƙafa yake dannewa.

Danna soson kujerar da hannu, in ka ji ƙarfe ko ya ƙi dawowa to ya mutu, a zuba sabo mai ɗan tauri. Duk awa 2 ka sauko ka taka na minti 15. Amma in sagewar ba ta saki bayan ka sauka, ko ƙafar ta fara rauni, wannan likita za ka gani kar ka jira.