Hajiya, kuɗin na'urar nan ki zuba su a makamashi

Wata Hajiya mai sana'ar turara shinkafa a Tudun Wada, Zariya, ta aiko da tambaya. Itace ya yi tsada, za ta sayi ƙaramar tukunyar tururi mai cin curarren garin katako, dillali kuma ya ce ta ƙara kuɗi a haɗa mata na'urar rage iskar NOx. Shin ya kamata ta biya?

Hajiya, ki riƙe kuɗinki tukuna. NOx iska ce ta naitirojin da ke fita ta bututun hayaƙi, tana cutar da huhu, masu asma sun fi jin jiki. A ƙaramar tukunya irin taki wuta ba ta cika kai digiri 1,300 ba, zafin da naitirojin ɗin iska ke fara ƙonewa sosai. Ke nan yawancin abin da ke fita, daga jikin makamashin yake. Abin da kika zuba shi za ki shaƙa.

Curarren katako mai daraja ta ɗaya a ma'aunin ingancinsa na Turai, ENplus, ba ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari na naitirojin, danshinsa kuma kashi 10. Ɓawon itace da ɓawon gyaɗa sun fi haka. Mafi muni shi ne garin filawud da MDF (allon matsattsen garin katako) da ake sharowa daga shagon kafinta, domin gam ɗinsu na yuriya ne, dangin takin nan mai yawan naitirojin da manoma suka sani. Mai cura ba zai gaya miki ya gauraya ba, araha ce za ta tona shi. Kafin ki ɗauki mota guda, ki kai samfur ɗakin gwaji a ABU ko cibiyar binciken sinadarai ta NARICT da ke Basawa, ki ji ko za su auna miki.

Sai tukunyar kanta. Ki nemi mai shigar da iska hawa biyu: kaɗan a ƙasa inda makamashi ke ci, sauran a sama. Wannan tsari shi ne ke rage NOx da araha. Idan daga Turai aka kawo ta, dokarsu tun 2020 ta ƙayyade wa ƙananan tukwanen ɗumama gini miligiram 200 na NOx a kowace kubik mita ta hayaƙi, ki ce dillali ya nuna takarda.

Na'urar rage NOx mai fesa yuriya a hayaƙi ta manyan masana'antu ce, jarinki bai kai nan ba. Abin da ya fi damuna ma wutar lantarki ce, don fanka da injin tura makamashi duk da ita suke aiki. Ki sa kuɗin sola ko janareta a lissafi kafin ki biya kafin alƙalami.