Yaya zan yi wa masu tsananta mini addu'a?

'Yar'uwa, kin tambaya ko dole ne ki yi wa masu tsananta miki addu'a alhali zuciyarki na tafasa. Dole ne, umarnin Yesu ne a Matiyu 5:44. Amma ki kai masa zafin yadda yake, kada ki ɓoye.

Dubi Istifanas, wani mai bin Yesu, a Ayyukan Manzanni 7. Ana jifansa, yana roƙo kada a ɗora musu zunubin. Allah bai tsayar da duwatsun ba, abin da ciwo ƙwarai. Sai dai Shawulu, saurayin da aka ajiye tufafin majefan a gabansa, shi ne ya zama Manzo Bulus.

In kin durƙusa, ambaci sunayen masu tsananta miki ɗaya bayan ɗaya. In kuma ana barazana ga ranki, sanar da fastonki da hukuma yau ɗin nan.