Filin Tambaya da Amsa: Fuliyo a Tsakar Gida, Wa Zai Sha, Wa Ba Zai Sha Ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba mai lambu. Ɗana da ke karatu a Maroko ya zo hutu, ya taho mini da ƴan rassan wani ganye a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ya ce can ana kiransa fuliyo, dangin na'a-na'a ne, ana sa shi a shayi ko a tafasa shi da madara in mura ta kama mutum, kuma wai yana korar ƙuma. Na tsoma shi a ruwa har ya fara fid da saiwa. Yaya zan dasa shi kada zafin Maraɗi ya ƙone mini shi? Kuma kowa a gida zai iya sha? Ina da jikoki ƙanana, surukata kuma tana da juna biyu.

Daga wata mai karatu, unguwar Zariya, Maraɗi

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yaron albarka, ya ba shi ilimi mai amfani.

Tambayarki ta biyu zan fara amsawa, don ita ce ba ta jiran gobe. Kada surukarki ta sha ganyen nan ko kurɓi ɗaya, yanzu da kuma lokacin da za ta riƙa shayarwa. Jikokin ma kada a ba su. Yaron bai yi ƙarya ba, mutanen Maroko suna amfani da shi tun kaka da kakanni, amma in za a sha, sai manya, ɗan kaɗan, jefi-jefi. Tsiron nan, wanda masana ke kira Mentha pulegium, yana ɗauke da wani sinadari mai suna fulegon. In ya shiga jiki hanta ce ke sarrafa shi, kuma wajen sarrafawar ne yake rikiɗa ya zama gubar da ke cin ita hantar. Jikin babba yakan jure ɗan ganye biyu uku. Hantar jinjiri ba ta kai nan ba. A shekarar 1996 likitoci a Amurka suka ba da rahoton jarirai biyu da aka shayar da dafaffen ganyen a gida, da niyyar magani. Ɗaya ya rasu, ɗayan da ƙyar aka ceto shi. Na kawo wannan ne don na san halinmu: yaro na kukan ciki da dare, sai a tsinko abin da ke kusa a dafa masa.

Mai ciki kuwa, tun zamanin da an san ganyen nan da tsinka jini da jawo ɓari, kuma yawan da ke taɓa ciki shi ne yawan da ke iya kashe uwar. Mai ciwon hanta ko ƙoda shi ma ya nisance shi. Mafi muni shi ne mansa da ake tatsa a zuba a ƴan kwalabe. An samu manyan mutane da suka mutu bayan shan abin da bai wuce cokalin miya ɗaya ko biyu ba. In yaron zai sake zuwa, ki ce masa kada ya kawo man, ba don sha ba, ba don shafawa ba. In kuma tsautsayi ya sa wani ya sha da yawa, aka ga ciwon ciki, amai ko jiri, a garzaya likita nan take tare da ganyen a hannu. Kada a ce bari mu ga gobe, domin ɓarnar hanta ba ta nuna kanta a ranar farko, kuma maganin da likitoci ke bayarwa ya fi aiki in an zo da wuri.

Abin da ya fi damuna a gida mai yawan hannaye shi ne ruɗewa. Za ki aiki yarinya ta tsinko na'a-na'a don shayin maigida, ta je ta tsinko wanda ya fi kusa. Saboda haka ki nuna wa kowa bambancin. Ganyen na'a-na'ar da muka sani dogo ne mai tsini, da tsage-tsage a gefe. Na fuliyo ƙanana ne, santimita ɗaya zuwa biyu, masu ɗan kewaye, gefensu kusan sumul. In kin murza shi a yatsa ƙamshin yana da kaifi, yana hawa kai. In ya yi fure, furen shunayya ne, yana zagaye karan gaɓa-gaɓa kamar ƙwayoyin carbi. Ki ware masa tukunyarsa nesa da ta shayi, ki ɗora ta a kan wani abu mai tsawo inda hannun yaro da bakin akuya ba za su kai ba. Jar akuyarmu ba ta barin kore, shi kuma ba abincin dabba ba ne.

To, sai dashe. Asalinsa tsiron bakin ruwa ne a Turai da arewacin Afirka, yana son ƙafarsa cikin laima kullum. Rairayin jigawar cikin gari ba ya riƙe masa ruwa. Ki sa a samo miki baƙar ƙasar fadama daga wajen masu lambun Gulbi, ki gauraya da ruɓaɓɓen takin awaki da ɗan yashi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Tukunya mai faɗin baki ta fi mai zurfi, don yaɗo yake yi a ƙasa, duk gaɓar da ta taɓa laima sai ta kafa saiwa. Tsohon kasko ko fasasshiyar randa sun wadatar, in dai akwai huda a gindi. Ki kwantar da rassan a kishingiɗe, ki rufe gaɓa biyu da ƙasa, ki bar kan a waje. Da yamma ake wannan aiki.

Ni nawa a ƙarƙashin bedi yake, inda hantsi ke taɓa shi, kafin azahar inuwa ta rufe. Kusa da nan ake alwala, ragowar ruwan buta a kansa take ƙarewa, kuma na ga yana jin daɗin haka. Ruwan wanki mai sabulu ne ba ya so. Da hunturu zai yi kyau ƙwarai, sai dai iskar tana busar da ƙasa da sauri, ki riƙa tura yatsa kina dubawa. Jarrabawar tana Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. A nan sai ruwa safe da yamma, da cikakkiyar inuwa. In ya yi yaushi ya zubar da ganye kada ki fid da rai, ki aske shi, ki ci gaba da ban ruwa, da saukar damina zai toho.

Maganar ƙuma da gaskiya a ciki, amma kada ki ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Busasshen ganyen a ƙulle cikin ƙyalle, a ajiye a lungun ɗaki ko bayan akwati, yana rage su. Ɗakin da suka riga suka cika kuwa sai shara da shanya tabarmi da katifa a rana. Ƙullin ma a sa shi inda mai rarrafe ba zai tsinta ya kai baki ba.

In mura ce ta kama mutanen gida, citta da lemun tsami da na'a-na'ar da muka saba sun ishe ki.

TAMBAYA: Baba, ni mai dafa shayi ne a fadarmu. Na'a-na'ata ta shekara a bokiti, yanzu ganyen sun ƙanƙance, ƙamshin ya ragu. Ko ta lalace ne?

Daga wani matashi, Tibiri

AMSA: Ba ta lalace ba ɗana, matsi ne da yunwa. Kifar da bokitin, za ka tarar saiwa ta naɗe ta cinye ƙasar. Raba curin gida uku ko huɗu da wuƙa, ka zubar da tsohuwar tsakiyar da ta yi itace, ka dasa na gefe masu farar saiwa a sabuwar ƙasa da taki. Ka riƙa tsinka daga kai, sama da gaɓa, kada ka bi ganye ɗai-ɗai, ta haka take yin rassa. In ta fara fure ka datse. Bayan mako uku ko huɗu za ka koma tsinka.